Nutso da tukunyar iska: tambayoyi da amsoshi kan koyo, kayan aiki da kiyaye rai

Waɗannan su ne tambayoyin da masu sha'awar koyon nutso suka fi yi mini, wasu tun ba su taɓa ruwa ba, wasu kuma bayan sun fito daga darasin farko ido ya yi ja. Nutson da ake magana a kai shi ne na shaƙatawa, wanda ake kira sikuba: mutum ya goya tukunyar iska a baya, ya sauka ƙasan ruwa yana numfashi abinsa. Karanta wannan shafi zai buɗe maka ido, amma koyo sai a gaban malami, a cikin ruwa.

Iskar oksijin ce a cikin tukunyar?

A'a, kuma kusan kowa da wannan kuskuren yake zuwa. Iskar da kake shaƙa yanzu ita ce a ciki: kashi 21 cikin ɗari oksijin, kashi 78 naitirojin, sai ɗan ragowar wasu. Injin kwamfiresa ne ke tace ta, ya busar da ita, ya danna ta cikin tukunya har matsinta ya kai bar 200, wato ya ninka matsin iskar da ke kanmu a bakin teku sau 200. Tukunyar da aka fi ba ɗalibai ta aluminiyam ce mai cin lita 11.

Ba wanda zai iya zuƙar iska mai wannan ƙarfi kai tsaye, shi ya sa ake ɗaura mata regileta. Ɓangarenta na farko yana wuyan tukunya yana rage ƙarfin, na biyu kuma yana bakinka, ba ya sakin iska sai ka ja numfashi, kuma daidai da matsin ruwan da kake ciki yake ba ka. Wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan, su suka fito da wannan tsari a 1943, aka sa masa suna Aqua-Lung. Zallar oksijin kuwa, idan aka wuce kamar mita 6 da ita guba take zama, tana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya a ƙasan ruwa.

Dole sai na iya ninkaya?

E, amma ba irin ta masu gasa ba. Yawanci za a ce ka yi iyo na mita 200 ba tsayawa, ba ruwan kowa da salonka ko saurinka, sannan ka tsaya a saman ruwa minti 10 ba ka dafa komai ba. Natsuwarka ake dubawa: idan jirgin ruwan da ya kawo ka ya yi nisa, za ka iya riƙe kanka har ya zo? Wanda bai iya ba ya je ya koya tukuna, nutso yana nan yana jiransa.

Takardar wace hukuma ta fi daraja?

Manyan hukumomin horo sanannu ne. Akwai PADI da aka kafa a Amurka a 1966, da SSI ta 1970, da NAUI, da BSAC ta Birtaniya wadda ta faro a 1953, da CMAS da aka kafa a Monako a 1959. Katin kowacce daga cikinsu yana karɓuwa a kusan duk inda ake nutso. Darasin farko ma kusan iri ɗaya ne: karatu, sai atisaye a wurin ninkaya ko ruwa marar zurfi, sai nutso aƙalla huɗu a teku ko tafki tare da malami. Wanda ya gama an yarje masa ya kai kimanin mita 18. Mataki na gaba yana kai mutum mita 30, iyakar nutson shaƙatawa kuma mita 40. A tsarin PADI yaro ɗan shekara 10 yana iya farawa, amma ba ya wuce mita 12 kuma sai da babba a gefensa.

Ni dai shawarata, kada ka ɓata lokaci kan sunan hukuma, malamin za ka bincika. Ka tambaye shi ɗalibai nawa yake shiga ruwa da su lokaci guda. Ka tambaya idan ka kasa wani atisaye, za a ƙara maka lokaci ne ko za a lallaɓa a wuce. Ka duba ko akwai tukunyar oksijin ta agajin gaggawa a jirginsu. Malamin da ya ɓata rai saboda waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ka amsa. Na fi yarda da wanda ya ce wa ɗalibi "ba ka ƙware ba tukuna, gobe mu sake" a kan wanda ke raba kati cikin kwana biyu kowa na murna.

Me ya sa ake ta nanata cewa kada a riƙe numfashi?

Idan abu ɗaya kawai za ka ɗauka daga nan, to wannan ne. Ruwa yana da nauyi. A bakin teku iskar sama tana danna mu da bar 1. Duk mita 10 da ka sauka, ruwa yana ƙara bar 1: a mita 10 kana ƙarƙashin bar 2, a mita 20 bar 3, a mita 30 bar 4. Iska kuma tana tsukewa idan matsi ya ƙaru, tana kumbura idan ya ragu. Robert Boyle ne ya bayyana wannan ƙa'ida a 1662.

Ka ɗauki balan-balan ka hura ta a mita 10, ka ɗaure bakinta, ka sake ta. Kafin ta kai sama ta ninka girmanta sau biyu, in ba ta fashe a hanya ba. Huhunka ma haka yake. Mai nutso da ya cika ƙirji da iskar tukunya a ƙasa, ya rufe maƙogwaro ya taso, iskar za ta kumbura ta yaga huhu, kumfa ya shiga jini ya nufi ƙwaƙwalwa. Abin tsoron shi ne huhu ba ya gargaɗi da zafi kafin hakan ta faru, kuma ba sai an yi zurfi ba. Tasowar mita ɗaya da ɗan wani abu da cikakken ƙirji a rufe tana iya yin ɓarna, ko da a wurin ninkaya ne. Canjin girman iska ya fi tsanani a mita 10 na kusa da sama, inda mutane suka fi sakin jiki.

Maganin mai sauƙi ne: ja numfashi a hankali, saki a hankali, kada ka tsaya. Ko regileta ta fita daga bakinka, ka riƙa fesar da ƙananan kumfa har ka mayar da ita.

Kunnena yana zafi ko a wurin ninkaya na nutsa. Zan iya kuwa?

Akasarin mutane suna iyawa. Ruwa ne ke danna dodon kunne daga waje, alhali iskar da ke bayansa ta tsuke. Sai ka tura masa iska daga ciki: ka matse hanci ka hura a hankali, ko ka haɗiyi miyau, ko ka motsa muƙamuƙi. Za ka ji ɗan "ɗas" a kunne. Ka fara tun kana sama, ka riƙa yi kowace mita tun zafi bai zo ba. In ya zo, ka taso kaɗan ka sake gwadawa. Kada ka yi da ƙarfi, kada kuma ka daure ka ci gaba da sauka, domin dodon kunne yana fashewa.

Mai mura ya haƙura da ruwa ranar nan. Wasu suna shan maganin buɗe hanci su shiga, sai ƙarfin maganin ya ƙare suna ƙasa, hanya ta toshe, iskar da ke kumbura lokacin tasowa ta rasa mafita. Abin toshe kunne irin na masu ninkaya ma ba a nutso da shi.

Mene ne ciwon da ake cewa yana kama wanda ya taso da sauri?

Ciwon kumfar jini. Jiki yana amfani da oksijin, amma naitirojin ba ya yi masa aikin komai. A ƙarƙashin matsi yana narkewa ya shiga jini da tsoka da kitse, kuma iya zurfinka da daɗewarka, iya yawan abin da jiki zai sha. Idan ka taso a hankali, yana komawa huhu ya fita da numfashi. Idan ka yi gaggawa, sai ya tashi ya zama kumfa a cikin jiki, kamar kwalbar lemo mai gas da aka buɗe farat ɗaya.

Bafaranshe Paul Bert ne ya gano cewa naitirojin ne sanadi, a aikinsa na 1878. A 1908 kuma John Scott Haldane, bayan gwaje-gwaje a kan awaki, ya fitar wa sojojin ruwan Birtaniya jadawalin yadda ake tasowa daki-daki. Jadawalan yau da kwamfutocin da masu nutso ke ɗaurawa a hannu daga wannan tushe suka fito. A jadawalin PADI, iyakar zaman da aka yarje wa mutum minti 56 ne a mita 18, amma a mita 30 minti 20 kacal gare shi. Saurin tasowa kada ya wuce mita 18 a minti ɗaya, kwamfutoci da yawa ma mita 9 zuwa 10 suke yarda da shi. Sannan a dakata a mita 5 na minti 3 kafin a fito.

Alamominsa sun haɗa da ciwo mai zurfi a kafaɗa ko gwiwar hannu, ƙaiƙayi da dabbare-dabbaren fata, gajiyar da ta wuce hankali, jiri, jin ƙafa ko hannu ya mutu, ko kasa yin fitsari. Suna iya bayyana nan take ko bayan sa'o'i. Babbar matsalar ita ce musu: mutum ya ce ai ɗaukar tukunya ne ya sa kafaɗa ke ciwo. A kwantar da shi, a ba shi zallar oksijin, a nemi agajin gaggawa, a kai shi asibiti. Maganin shi ne ɗakin matsi, inda ake mayar da mutum ƙarƙashin matsi yana shaƙar oksijin har kumfan ya narke. Kada a ce za a mayar da shi ruwa don a gyara. Ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso, da aka kafa a Amurka a 1980, tana da layin gaggawa dare da rana domin irin wannan.

Yaushe zan iya hawa jirgin sama bayan nutso?

Matsin iska a cikin jirgi bai kai na ƙasa ba, saboda haka hawa jirgi tamkar ci gaba da tasowa ne. Bayan nutso ɗaya a jira aƙalla sa'a 12, bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere aƙalla sa'a 18. Da yawanmu kwana guda cur muke bari. Hawa tsauni a mota ma hukuncinsa ke nan.

Waɗanne cututtuka ne ke hana mutum nutso?

Kafin darasi za a ba ka takardar tambayoyin lafiya. Don Allah ka cike ta da gaskiya, ranka ne a kai, da na wanda zai bi ka ya ceto. Farfaɗiya, da huhun da ya taɓa saɓewa haka kawai, da ciwon zuciya mai tsanani, yawanci suna rufe ƙofa. Mai sikila ma likitoci kan hana shi, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon. Mai juna biyu ta jira sai ta sauka. Asma da ciwon suga da hawan jini kuwa sai likitan da ya san harkar nutso ya duba, wasu ana yarje musu da sharuɗɗa. Wanda ya manyanta ya sa a auna masa zuciya, domin iyo da kaya a cikin ruwa mai ja aiki ne ja. Giya da nutso ba sa haɗuwa.

Wane kaya zan fara saya?

Tabarau na fuska. Shi ne abin da ba ya son aro, domin fuskar kowa daban take. Ga yadda ake gwadawa: ka kawar da gashi, ka ɗora shi a fuska ba tare da ka sa maɗaurin ba, ka ɗan ja iska ta hanci, ka saki hannu. In ya manne ya zauna, naka ne. In ka ji iska tana satar shiga ta gefen ido ko ƙarƙashin hanci, ajiye shi komai kyansa. Dole ya rufe hanci, domin ta hanci ake hura masa iska idan ruwa ya danna shi. Shi ya sa tabarau na masu ninkaya ba ya aiki a nan. Mai gashin baki ya sa ran ɗan yoyo.

Daga nan sai takalman iyo masu faɗi, waɗanda ba sa matse yatsu kuma ba sa kwaɓewa. Na uku, in da hali, kwamfutar hannu mai lissafa zurfi da lokaci da naitirojin. Wadda lambobinta suke da girma kuma ka fahimci abin da take faɗa ta fi mai tarkacen da ba za ka taɓa amfani da su ba. Mutum biyu ba sa raba kwamfuta ɗaya. Regileta da rigar iska, wadda ake hura wa iska ko a sake ta don daidaita tsayuwa a ruwa, su jira sai ka yi nutso da dama da na haya, ka san abin da ya dace da kai. Ka haɗa da usur da dogon balan-balan mai launi da ake hurawa a saman ruwa don jirgi ya hango ka.

Ko a ruwa mai ɗumi sai an sa rigar roba?

Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu, don haka ruwan da ka ji daɗinsa da farko zai sa ka karkarwa bayan minti 40. Mai kaurin milimita 3 ta ruwan ɗumi ce, 5 zuwa 7 ta mai sanyi, ruwan ƙanƙara kuma yana da rigarsa da ba ta barin ruwa ya taɓa jiki, wadda sai an koyi amfani da ita. Ta kama jiki sosai amma kada ta shaƙe wuya.

Darma nawa zan ɗaura?

Darma ita ce nauyin da ake ɗaurawa don jiki ya iya nutsewa, kuma abin da ake buƙata ƙasa yake da yadda sabon shiga yake zato. Ka shiga ruwa da kayanka, ka fitar da iskar riga duka, ka ja numfashi daidai ka riƙe a nan saman ruwa. In ruwa ya tsaya maka a saitin ido, kuma ka fara nutsewa a hankali da ka saki numfashi, nauyin ya yi. Ka tuna iskar cikakkiyar tukunya ta haura kilo 2, tana ƙarewa kana ƙara sauƙi. Mai darma da yawa sai ya cika riga da iska don ya rama, ya riƙa sama da ƙasa, ƙafa na tayar da laka tana karya murjani, iskarsa kuma ta ƙare da wuri. Ka san inda za ka ja darmar ta faɗi ko ido a rufe.

Kayan hannu ko na haya fa?

Babu laifi, amma regileta ta hannu sai ƙwararre ya buɗe ta ya yi mata sabis kafin ta ga ruwa. Tukunya ana leƙa cikinta duk shekara, ana kuma gwada ƙarfinta bayan 'yan shekaru, kwanan watan yana buge a wuyanta. Kafin kowane nutso ka buɗe iska ka shinshina. In ka ji warin mai ko hayaƙi, mayar da ita, domin kwamfiresan da ya zuƙi hayaƙin inji yana cusa gubar da ke sumar da mutum a ƙasa.

Tukunya ɗaya tana kai minti nawa? In ta ƙare fa?

Lita 11 a bar 200 iska ce lita 2,200. A ce mutum yana shaƙar lita 20 a minti a sama. A mita 10 zai ci 40, a mita 30 zai ci 80. Idan aka ware bar 50 na ajiya, yana da kamar minti 40 a mita 10, kamar minti 20 a mita 30. Tsoro da sanyi da iyo gaba da ruwa suna rage wannan ƙwarai. Iska ba ta ƙarewa ba zato ga mai duba ma'aunin iskar tukunyarsa kowane 'yan mintoci. In ta faru, kowane mai nutso yana ɗauke da bakin regileta na biyu, galibi ruwan ɗorawa, domin abokinsa. Amfaninsa kuwa sai abokin yana kusa, inda bugun ƙafa biyu ko uku zai kai ka.

Ina tsoron ruwa ya shiga tabarau na ruɗe.

Zai shiga, kuma za ka koyi fitar da shi: ka danna saman tabarau a goshi, ka ɗan ɗaga kai, ka huro iska ta hanci. Na taɓa koyar da wani magidanci da ya iya komai ban da wannan. Da ruwa ya taɓa masa hanci sai ido ya firfito, ya tofar da regileta, ya nufi sama. Sai muka koma inda ruwa ke iya ƙirji. Na ce, "Yallaɓai, cire tabarau ɗin gaba ɗaya, sa fuska a ruwa, numfashi kawai za ka yi." Na riƙe masa hannu ina jin yadda yake matse ni. Numfashi biyar, ya ɗago. Goma, ya ɗago. Can wajen minti ashirin sai na ji yatsunsa sun saki, kumfansa ya koma fita a jere, a hankali. Washegari a mita 6 shi da kansa ya cire tabarau ya mayar.

Firgici ne ke mayar da ƙaramar matsala babba. Abin da muke koyarwa shi ne tsaya, yi numfashi, yi tunani, sannan ka ɗauki mataki. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma a nutso mai natsuwa ne ke fid da kansa.

Gaskiya ne zurfi yana bugar da mutum?

Gaskiya ne. Daga wajen mita 30 naitirojin yana dusashe tunani kamar maye. Wani ya ji nishaɗi, wani fargaba, wani ya zura wa ma'auni ido bai gane lambar ba. Da an taso 'yan mitoci yake washewa.

Iskar naitiros fa?

Iska ce da aka ƙara wa oksijin zuwa kashi 32 ko 36, naitirojin ya ragu, lokacin zama a ƙasa ya ƙaru. Ba ta zurfi ba ce: mai 32 iyakarta kimanin mita 33, mai 36 kimanin mita 28. Tana da darasinta, kuma kai da kanka za ka auna yawan oksijin da ke tukunyarka kafin ka ɗauka.

Kifin shak ba ya cin mutane?

Da wuya ƙwarai ya kula mai nutso. Raunukan da halittun ruwa ke yi wa masu nutso, yawanci daga taɓe-taɓe suke zuwa, don haka hannu ya zauna a jiki. Jan ruwa da farfelar jirgi sun fi cancantar tsoronka.

Zan iya leƙa kogo ko jirgin da ya nutse?

Da katin farko, a'a. Duk inda rufi ya shiga tsakaninka da sama yana buƙatar horo na musamman, da igiya, da fitilu, da raba iska kashi uku: ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ajiya. A aikin ceton yara 12 da kocinsu daga kogon Tham Luang na ƙasar Tailan a 2018, Saman Kunan, tsohon ƙwararren mai nutso na sojojin ruwa, ya rasa ransa a hanyar dawowa daga kai tukwanen iska.

Me ake so daga abokin nutso, kuma in mun rabu ya zan yi?

Kafin ku shiga ku duba juna: rigar iska tana hurawa tana saki, darma tana nan, maɗauri sun kama, tukunya a buɗe take har ƙarshe. Ku ja numfashi daga regileta kuna kallon allurar ma'auni, in ta yi rawa akwai matsala. Ku yi bitar alamun hannu. Babban yatsa sama yana nufin "mu tashi". "Lafiya lau" kuwa zobe ake yi da babban yatsa da manuni. Ku kuma yarda tun a jirgi cewa kowa yana da ikon ya ce ya fasa, a kowane lokaci, ba tare da an tambaye shi dalili ko an yi masa gori ba. Wanda ya ji jikinsa ko ransa bai kwanta ba, ya zauna a jirgi.

In kun ɓace wa juna a ƙasa, ka juya a hankali kana duba ko'ina, har sama inda kumfansa zai bayyana, na tsawon minti ɗaya. In ba ka gan shi ba ka taso da saurin da aka koya maka, ka hura rigarka a saman ruwa, ka jira shi a nan. In bai ɓullo ba, ka busa usur ka sanar da jirgi nan take, ka faɗa musu wuri da zurfin da ka gan shi na ƙarshe.